Ruwa a Bakin Fartanya: Gwanayen Lambu na Ƙasar Zakka

Da an gama ɗaurin gero da dawa an kai rumbu, yammacin Katsina kan sauya kama cikin 'yan makonni. Ciyawa ta bushe, ƙoramu su ƙafe, shanu su bazu cikin gonaki suna cin kara. Ko ta Dutsin-Ma ka shigo ƙasar Safana, ko ta Batsari ka ɓullo, abin da ido zai yi ta cin karo da shi bai wuce busasshiyar ƙasa da duwatsu da ƙurar hunturu ba. Amma duk inda hanya ta gangara kwari, sai ka tarar da wani tsiri kore shar ya bi gefen rafi, an kewaye shi da ƙaya da darni. Wannan ita ce garka, lambun rani, kuma mutumin da ke duƙe a cikinta da fartanya yana daga cikin gwanayen da muka fi tauye wa haƙƙi wajen yabo.

Zakka gunduma ce a ƙaramar hukumar Safana, mazaunin Gatarin Katsina. Safana ta yi iyaka da Batsari, ƙasar Sarkin Ruma, dukansu biyu kuma suna jingine da dajin Rugu ta yamma. Damina a nan gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, sauran watannin kuwa sai dai a kalli sama. Duk albasa da tumatir da tattasai da alayyafon da za su shiga tukunya a tsawon wannan lokaci, wani ne ya nemo musu ruwa, ya auna musu shi, ya kai musu har gindi. Mai noman damina yana shuka ne ya jira abin da sama za ta yi. Mai lambu kuwa shi ke yanke ranar da shukarsa za ta sha da ranar da za ta kwana da ƙishi, don haka kowane kuskure nasa ne, kowace nasara ma da hannunsa a ciki, bayan ikon Allah.

Aikin yana farawa ne da neman ruwan da ido ba ya gani. Ƙarƙashin ƙasar wannan yanki dutse ne, ruwa ba ya shimfiɗuwa ko'ina yadda yake yi a fadamun Haɗeja. Yana maƙalewa ne cikin yashin da rafuka suka jibge shekara da shekaru, irin su Karaɗuwa da Bunsuru da ƙananan ƙoramun da ke zuba cikinsu kafin su nufi Rima. Sama ta bushe ƙayau, ƙasa kuwa da danshi. Gwani yakan bi rafi da sassafe yana duban inda yashi ya yi duhu bai washe ba. Yana lura da inda ɓaure da kanya da giginya suka yi lif, da inda jema ta ƙi bushewa. Ya fi son wurin da rafi ya yi kwana ya tara yashi mai kauri, ko kuma saman inda wani falalen dutse ya gitta rafin, domin dutsen yana tare ruwan da ke tsiyaya ta ƙarƙashi, ya zama madatsa wadda ba wanda ya gina. A nan zai haƙa rijiyarsa. Tun ranar kuma yana ƙiyasta inda ruwan zai koma a watan Maris, domin rijiyar da ta cika a Nuwamba ba ita ce abin dubawa ba. Girman lambun da zai yanka yana bin ruwan bazara ne. Da yawa daga cikin sababbin shiga a nan suke faɗuwa: su share fili mai faɗi saboda sun ga ruwa a farkon rani, tumatir yana tsaka da 'ya'ya rijiya ta koma laka.

Kakanninmu da jigo suka yi wannan aiki: gwafa a kafe, doguwar sanda a gicciye, curin laka a baya, guga a gaba. Mutum ya wuni yana tsomawa yana juyewa, abin da zai shayar kuwa ɗan fili ne. Ƙaramin injin ban ruwa mai shan fetur ya fara yaɗuwa a shekarun 1980, sannan shirin Fadama na farko, wanda Bankin Duniya ya ba da rancensa a farkon shekarun 1990, ya baza shi tare da gajerun rijiyoyin burtsatse da ake sokawa cikin yashi. Inji ya ɗauke ciwon baya, ya faɗaɗa lambu, amma bai rage ko ƙwayar zarra daga ilimin da ake buƙata ba. Ya ma ƙara, domin ruwan da ke fitowa daga tiyo da ƙarfi ba ya jiran mai shawara.

Wanda yake son ya ga gwaninta tsagwaronta, ya je ranar yankan fangali. Fangali shi ne ɗan ɗakin shuka mai kusurwa huɗu da ake kewayewa da ƙaramar kunya don ya riƙe ruwa, taku uku ne ko huɗu. Kallo ɗaya za ka ce wasan yara ne. Amma dole cikinsa ya kwanta daidai, ba tudu ba kwari. In gefe ɗaya ya ɗara ɗayan da faɗin yatsa biyu, shukar da ke tudu za ta yi ƙishi, ta kwari kuma ruwa ya kwanta mata saiwa ta ruɓe, a fangali guda, da ruwa guda. Gwani ba shi da ma'aunin injiniya. Yakan ja da baya ya tsuguna, ya kanne ido ɗaya, ya dawo ya kankare nan ya zuba can da bayan fartanya. Ruwan farko da ya saka shi ne alƙalinsa: yana tsaye yana kallon kusurwar da ruwa ya fara kaiwa da wadda ya yi wa nawa, ya gyara tun ƙasa tana da laushi. Girman fangalin ma ba a ka yake yanka shi ba. A jigawa, inda yashi ke zuƙe ruwa nan take, ƙanana yake yi don ruwa ya game kafin ya nutse. A laka yakan saki hannu ya faɗaɗa. A gangare kuwa sai ya jera su hawa-hawa, kowanne ƙasa da na bayansa kaɗan.

Sai hanyar ruwa. Uwar hanya tana bin wurin da ya fi tudu a lambun, 'ya'yanta suna ratsa tsakanin fangaloli. In ta cika gangara, ruwa zai zaizaye ta. In ta cika kwanciya, zai tsaya ya nutse a hanya, fetur yana ƙonewa a banza. Da an ta da inji, mai ban ruwa ba ya sake miƙewa. Sara ɗaya da fartanya ya buɗe bakin fangali, ƙasar da ya ɗebo kuma da ita zai toshe hanyar don ruwa ya karkata ciki. Kafin wannan ya cika idonsa yana kan na gaba. Ba ya bari ya cika taf: yakan rufe tun ruwa bai taɓa kusurwar ƙarshe ba, don ya san wanda ke tafe a baya zai ƙarasa. Sara, toshe, matsa gaba, haka har fangali ɗari, ƙafa cikin laka, ba gudu ba tsayawa. Yana raba ruwan rijiyarsa yadda uwargida ke kwasar tuwo, wadda tun kafin ta sa mara a tukunya ta san malmala nawa za ta fita da kwanon da kowacce za ta shiga. Na daɗe ina ganin wanda bai taɓa tsayawa ya kalli wannan aiki ba bai san iyakar abin da fartanya za ta iya ba.

Sanin ranar ban ruwa wani karatu ne daban. Gwani yakan tona ƙasa da yatsa ya dunƙula a tafin hannu: in ta kama jikinta akwai saura, in ta marmashe lokaci ya yi. Yaushin ganye da tsakar rana ba ya tayar masa da hankali, don shuka takan yi haka ko da danshi a gindinta. Yaushin da ya gani da sassafe shi ne kuka na gaskiya. A jigawa yakan shayar bayan kwana 2 ko 3, a laka ya kai 5 har 7. Abin da ya fi kiyayewa shi ne kada ya haɗa wa tumatir yunwa da ƙoshi, wato a bar shi ya bushe sannan a malala masa ruwa: 'ya'yan sai su tsage, wasu gindinsu ya yi baƙi ya lotsa.

Ruwa rabin sana'ar ne. Ɗaya rabin shi ne sanyi. Malaman hisabi sun raba shekara taurari 28, kowanne kwana 13, ɗaya yana da 14, kowane yanayi da taurarinsa bakwai. Na ɗari kwana 91 ne, daga wajen ƙarshen Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu, kuma waɗannan kwanaki su ne jarin mai lambu na gaskiya. Tumatir yana son rana mai haske da dare mai sanyi. Zafi ya tsananta, furensa zubewa yake yi ba tare da ya ƙulla ɗa ba. Latas in ya ji zafi sai ya miƙe ya yi tozo ya yi ɗaci. Kabeji ba ya naɗewa da kyau, karas ba ya zaƙi. Alkama, ga mai yin ta, tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba ne lokacinta, wanda ya makara ya sayi asara da kuɗinsa. Saboda haka gwani da baya-baya yake lissafi. Yana so tumatirinsa ya yi fure a tsakiyar hunturu, to dashe a Nuwamba ke nan, reno kuma tun Oktoba, alhali dawa tana gona ba a yanke ba, kowa yana fama da aikin kaka. Albasa ta fi haka nisa, don irinta yana shafe mako 6 zuwa 8 a wurin reno kafin ya isa dashe. Mai lambun kirki, ranar da maƙwabtansa ke murnar sabon gero, shi hankalinsa ya riga ya tafi watan Janairu.

Wurin reno ɗan fili ne da bai fi tabarma biyu ba, amma a nan shekara take gyaruwa ko ta lalace. Ana ɗaga shi kaɗan don sauran ruwan sama na ƙarshen damina kada ya kwanta. Wasu sukan tara kara a kai su cinna wuta kafin yayyafi. Zafin yana kashe ƙwayar ciyawa da cutar da ke sa jaririn tsiro ya ruɓe a wuya ya kife, tokar kuma ta zama taki. A cakuɗa iri da yashi don kada ya taru wuri ɗaya, a yayyafa, a rufe da ƙasa sama-sama, a lulluɓe da busasshiyar ciyawa. Ruwa ta cikin ciyawar ake ba shi, a hankali, da gwangwani mai huji ko da tafin hannu. Ranar da tsiro ya leƙo, ranar ake yaye ciyawar. A ƙara kwana biyu, sai ya yi tsawo ya yi fari ya rasa ƙarfi. Saura mako guda a cire, gwani yakan rage masa ruwa da gangan don ya saba da wuya kafin ya fita fili. Tumatir kwana 25 zuwa 30 ya ishe shi. Albasa kuwa sai ta kusa kaurin fensir.

Taki ma tun damina aka tanade shi. A nan ne mata suke shigowa cikin lambun da galibinsu ba sa taka ƙafa a ciki. Kashin awaki da tumakin da suke kiwo a turke, da tokar murhu, da sharar tsakar gida, su ake tarawa su ruɓe, jaki ko amalanke ya kai fadama. Ɗanyen taki ƙona shuka yake yi, ya jawo gara, ya sa karas ya yi rassa, don haka sai wanda ya huce ya yi baƙi ake zubawa. Kamfa da yuriya suna da wurinsu, kuma ba mai lambun da zai raina su, amma ƙasar da ba ta ga takin gida ba ba ta riƙe ruwa, komai buhun da aka juye mata. Matan nan dai su ne masu ɗan lambun bayan ɗaki, inda zogale da rama da yakuwa ke shan ruwan wanke-wanke, kabewa tana hawa darni. Su ke adana irin kuɓewa da na alayyafo cikin gora da toka, kuma sau da yawa in iri ya ɓace wa namiji, a ɗakin wata tsohuwa ake samo shi.

Duk gwanintar mutum, akwai ranaku biyu da ba ya iya wa shi kaɗai: ranar shinge da ranar dashe. Lambu a rani shi ne kaɗai kore a faɗin ƙasa, kowace akuya da saniya ta san da haka. Masu lambunan da ke jere a bakin rafi ɗaya sukan haɗu su sari ƙaya su ja shinge guda ya kewaye su duka, don kafa ɗaya a shingen wani ɓarna ce ga kowa. Dashe kuwa gaggawa gare shi. Irin da aka tumɓuke ba ya jiran gobe, kuma albasa ana jera ta ne tazarar da ba ta wuce faɗin tafin hannu ba, dubbai a ɗan ƙaramin fili. Nan ne gayya take aikinta. Mutum ya bi gida-gida tun kwana biyu kafin ranar.

"Baba, jibi in Allah ya kai mu ina da dashen albasa. A taimaka mini da yara."

"Allah ya kai mu, ɗana. Da ni za a yi, ba yara kaɗai ba."

Da la'asar ake farawa, rana ta yi sanyi, don dashe ya kwana ya farfaɗo kafin ya haɗu da zafin gobe. An riga an jiƙa fangaloli. Wasu na tumɓuke iri suna datse kan ganyen, yara na rarrabawa dami-dami, manya sun jeru a duƙe suna soka yatsa cikin laka suna dasawa suna ja da baya. Mai lambu ba ya biyan kowa ko kwabo. Nasa shi ne fura ko kunu, da goro, wani lokaci tuwo in aikin ya kai dare. Bashin da ya ɗauka shi ne ranar da aka kira shi, ya zo. A cikin wannan layi ne yaro yake koyon sana'ar, ba a aji ba. Za ka ji dattijo yana cewa na kusa da shi, "Kai yaro, kada ka binne mata wuya, albasa ba ta son zurfi. Saiwa kawai za ka ɓoye." Gyara ɗaya ke nan da zai zauna masa har tsufa.

Ƙwadago ya daɗe yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da gayya. Baturiyar nan Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da birnin Katsina ta fitar da littafinta kan ƙauyen a 1972, ta tarar aikin lada ya riga ya yi ƙarfi tun wancan zamani. Yau ma mai hali ya fi son ya biya a yi masa ya huta da bashin rana. Ban ga laifinsa ba. Amma akwai abin da kuɗi ba sa yi, gayya ce kaɗai ke yin sa. Mai lambu ya kwanta ciwo albasarsa tana tsakiyar ƙosawa, ko ya rasu ya bar marayu da tumatir a fili: maƙwabtansa ne za su karɓi ban ruwan bi da bi har a kwashe amfanin a miƙa wa iyalinsa. Wanda injinsa ya lalace, na kusa da shi zai ara masa, shi dai ya zuba mai. Inda lambuna da yawa suke shan rami ɗaya, akan raba kwana, wane yau, wane gobe, a bar ruwa ya taru tsakani. In gardama ta taso, dattawan fadama ko sarkin noma su raba. Ba takarda, ba hatimi, amma tsarin yana tafiya saboda kowa ya san rijiyar da ya zuƙe yau ita maƙwabcinsa zai tarar gobe.

A cikin kayan lambu duka, albasa ce ta fi nuna wane ne gwani. Tana son ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai, don saiwarta ba ta nisa, kuma ba ta iya kokawa da ciyawa, musamman aya-aya da kiri-kiri, sai an bi ta da hannu. Taki da wuri take so. Wanda ya ci gaba da watsa mata yuriya bayan ta fara kai, zai ga lawashi ya yi kyau har ya ba shi sha'awa, amma wuyanta zai yi kauri, kuma albasa mai kaurin wuya ba ta ajiyuwa. Bayan wata 3 zuwa 4 da dashe, ganye ya fara kwantawa da kansa, sai gwani ya ɗauke ruwa ɗungurungum, kamar mako biyu. Wannan shi ne wurin da hannu ke ƙaiƙayi, don ruwan ƙarshe yana ƙara nauyi a buhu, mai gaggawar kasuwa kuma yakan ba shi. Amma albasar da ta sha ruwa daf da cira, tun a hanya take fara ruɓewa. Wadda aka bari ta bushe a ƙasa, aka cire aka shanya a inuwa har wuyanta ya rufe ɓawonta ya yi ƙara, ita ce ke shiga rudu, a ɗaga ta daga ƙasa iska tana ratsawa, ta jira damina lokacin da kuɗinta ke tashi. Lawashin ma ba ya faɗuwa ƙasa banza: mata su daka su dunƙula su shanya, ya zama gabu na miyar shekara. Iri kuwa daga kawunan bara ake samunsa: a zaɓi masu kyau a sake dasawa su yi fure, domin ƙwayar irin albasa ba ta jure ajiya, in ta haura shekara tsirarta raguwa take yi. Mutanen Aliero a Kebbi da na Galmi a Nijar da wannan haƙuri suka yi suna, kuma shi ne dai a hannun mai fangali talatin a bakin ƙoramar ƙauye.

Tumatir kuwa caca ce da kasuwa. Kowa ya dasa a lokacin da ya fi dacewa, kowa zai tsinka a lokaci ɗaya, kwando ya faɗi warwas a Fabrairu da Maris, har wani ya ga kuɗin mota ya fi kuɗin kaya. Gwani yakan raba renonsa kashi biyu ko uku, tazarar mako biyu, don kada duka su nuna rana ɗaya. In kasuwa ta ƙi, ba ya zubarwa: a yanka a shanya a kan dutse ko tabarma ya zama kauɗa. Mai ƙarfin hali kuma yakan yi na baya-baya don ya riski tsadar bazara, amma nan ne zafi da tsutsa suke jiransa. Tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa Sharon, wadda asalinta daga Kudancin Amurka take, ta shigo Nijeriya wajen 2015, a 2016 kuma ta cinye lambunan arewa har jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Tana shiga ne tsakanin fatar ganye inda feshi ba ya kai mata da sauƙi, kuma da zafi take yaɗuwa. Masu lura sun koyi fita da sassafe suna juya ganye, su tsinke wanda ya kamu su binne, su tumɓuke tsohon tumatir su ƙone da an gama tsinka. Ba sa maimaita tumatir a inda aka cire tattasai ko attarugu ko yalo, don dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. Sai su sa albasa ko masara a tsakani. Ruwan 'ya'yan bedi da aka daka aka jiƙa yana rage darɓa da ƙananan ƙwari. Abin da ke damuna ƙwarai shi ne mai fesa maganin ƙwari yau ya tsinka gobe ya kai kasuwa. Yaran wani ne za su ci, kuma kowane magani da kwanakin jiransa a rubuce a jikin kwalba. Wanda ya iya kwantar da fangali da ido bai kamata wannan ya gagare shi ba.

Ba a maganar noma a Safana da Batsari a tsallake abin da ya fito daga dajin Rugu. Shekaru ke nan 'yan bindiga suna kashe mutane, suna kore shanu, suna ɗaukar manoma daga gona. Ƙauyuka sun tashi, gonakin nesa sun koma saura. A irin wannan hali ɗan lambun da ke kusa da gari, wanda ake iya zuwa a dawo kafin duhu, ya zama abin da ke riƙe da gidaje da yawa, har da na waɗanda suka yi gudun hijira aka sam musu fangali biyar ko goma a gefen na mai masauki. Matakan tsaro ma sun taɓa mai lambu: a 2021 gwamnatin jihar Katsina ta Aminu Bello Masari ta hana sayar da fetur a jarka don toshe wa 'yan bindiga hanya, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomin da abin ya shafa, alhali injin ban ruwa da jarka ake ciyar da shi, dillali kuma da waya ake kiransa. Sai ga cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki. Wasu suka juya injinsu ya koma shan gas ɗin girki, masu hali suka sayi na sola, wasu suka haɗa kuɗi mutum uku ko huɗu a kan inji ɗaya. Duk wannan yana faruwa ne ga madatsar Zobe nan kusa da Dutsin-Ma, wadda aka kammala tun 1983 da niyyar shayar da dubban kadada, amma aka shafe shekaru gommai ba a ci moriyar noman ranin da aka gina ta dominsa yadda ya kamata ba. Mutanen da suka iya shayar da lambu daga ramin yashi, a ba su hanyar ruwa da kwanciyar hankali a ga abin da za su yi.

Daga tsakiyar Maris lambu yakan sauya kaya. Masu son sanyi sun tafi, sai masu jure zafi: kuɓewa, alayyafo wanda mako 3 zuwa 4 ya isa yanka, lalo, gurji, kankana. Ruwa ya ja ƙasa, ana ƙara wa rami zurfi, gwani kuma yakan saki fangalolin da suka fi nisa da rijiya ya tattara ƙarfinsa kan na kusa, ya lulluɓe gindin shuka da ciyawa, ya koma ban ruwa da asuba ko da yamma. Wajen ƙarshen Mayu, da hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai ya janye inji da tiyo daga cikin rafi, don ruwan farko da aka yi a can sama yakan iso ba sallama ya cike ramin da yashi. Fangalolin da ambaliya ba ta kaiwa yakan baje su ya shuka masara, ta ci sauran takin da albasa ta bari, ta nuna da wuri a sayar da ita ɗanya tun hatsin gona bai yi ido ba.